Kifin Da Ke Bin Ƙamshin Gida: Yinin Da Na Yi A Kogin Pere Marquette

In kin samu 'yan mintoci, ko da goyo ne a bayanki, zo in kai ki wani kogi a Jihar Mishigan ta arewacin Amurka. Sanyin ruwansa daidai yake da na cikin firij ɗinki, amma magidanta masu hankali da iyali sukan tashi tun asuba su tsaya a cikinsa yini guda, su kama kifi, su sake shi ya tafi.

Na san abin da kike faɗa a ranki, domin ni ma shi na faɗa: rashin aikin yi ne. Bari dai in fara gaya miki abin da ya fitar da ni daga ɗaki.

Ranar Sallar da ta ɓata min rai

Shekararmu shida ke nan a birnin Grand Rapids, inda nake aikin jinya a sashen jarirai. Babban ɗana, wanda ba sai na faɗi sunansa ba, yana ɗan shekara uku muka baro gida, yanzu yana tara. Ranar ƙaramar Sallah na kira Hajiyarmu a Wudil ta bidiyo. Bayan mun gaisa sai ta ce, "Ina maigidana? Ko ya yi amarya Baturiya ne ya manta da ni?"

Na miƙa masa waya. Da ƙyar ya ce "Ina kwana." Ta shiga zolayarsa tana neman kuɗin cefane, shi kuwa ya yi zuru. Can sai ya juyo ya ce min da Turanci, "Mama, ban gane abin da take faɗa ba." Hajiya ta yi dariya ta ce a ƙyale shi, yaro ne. Amma na ga fuskarta.

Ina kashe wayar na hau shi da faɗa. Na ce in mun je gida haka za ka tsaya kamar baƙo? Ya ɗaga kai ya ce, "Can gidanku ne, Mama. Ni nan ne gidanmu." Ba da tsiwa ya faɗa ba. Da tsiwa ce da abin ya zo min da sauƙi. Faɗa ya yi kamar mai gaya miki yau Lahadi.

Da wannan maganar a ƙirji na tafi aikin dare. Akwai wata dattijuwar Baturiya da muke aiki tare, ta kusa ritaya, ita ce uwar ɗakina tun zuwana. Ta kalli idona ta gane na yi kuka. Na ba ta labari ina jiran nasiha, sai kawai ta ce, "Ranar Asabar ki zo da yaron. Mijina zai kai mu kogi, kifi ya shigo. Kuma kada ki sa komai na auduga."

Hanyar arewa

Bayan sallar asuba muka kama hanyar M-37, wadda ta miƙe arewa. Tafiyar kilomita 120 ce ko kusa da haka, awa ɗaya da rabi. Farkon Afrilu a nan ba sanyin hunturu ba ne sosai, ba kuma ɗumi ba. Dusar ƙanƙarar da ta rufe ƙasa tun Disamba ta narke, sai ragowarta da ta yi dauɗa a inuwar bishiyoyi. Bishiyoyin kansu tsirara suke, ba ganye ko ɗaya, in ban da masu ganye kamar allura waɗanda ba sa kaɗewa. Wannan ruwan narkewar, tare da ruwan sama na farko, shi yake cika koguna, shi ne kuma yake kiran kifin daga tafki.

A garin Newaygo muka haye Kogin Muskegon, gari bai gama wayewa ba amma kwale-kwale sun riga sun jeru a kan ruwa. Daga nan muka shiga Dajin Manistee. Barewa uku suka tsallaka mana titi, muka kuma ga talo-talon daji suna kiwo a gefen hanya kamar na gida.

Baldwin, inda muka nufa, ƙauye ne da bai kai unguwa ɗaya ta Wudil ba. Ban ɓoye miki ba, na yi ɗar-ɗar: baƙar mace da hijabi a ƙauyen masunta. Uwar ɗakina ta nuna min wata hanya da ta yi gabas, ta ce 'yan kilomitoci kaɗan akwai Idlewild. An kafa wurin a 1912, kuma a zamanin da dokokin wariya suka hana baƙaƙen fata shiga wuraren shaƙatawa da yawa, nan dubbansu suke zuwa hutu daga Chicago da Detroit, manyan mawaƙa irin su Louis Armstrong suna yi musu wasa. Bayan dokar 'yancin jama'a ta 1964 ta buɗe sauran wurare, sai garin ya ja baya. Jin haka ya ɗan kwantar min da hankali. Ashe ba mu ne farkon masu irin fatarmu da suka taka wannan dajin ba.

Shigar ruwa

Maganar auduga ba camfi ba ce. Auduga in ta jiƙe, da gumi ko da ruwa, tana riƙe danshi a jikin fata ta yi ta zuƙe ɗumin jiki. Ulu kuwa ko ya jiƙe yana riƙe ɗumi. Saboda haka na sa rigar ciki ta roba-roba, na ɗora ta ulu, na ɗora rigar ruwa. Hijabina ma na ulu na nema. Sannan suka ba ni wani wandon roba mai haɗe da takalmi wanda ya kai har ƙirji, aka ɗaure min bel a ƙugu tam. Na yi ƙorafi cewa ya matse ni. Dattijon, mijin uwar ɗakina, ya ce in bar shi haka, zan gode masa. Ɗana kuma aka sa masa rigar da ke hana nutsewa, da sharaɗin ba zai cire ta ba sai mun dawo mota.

Akwai kuma lasisi. A Mishigan duk wanda ya kai shekara 17 ba ya jefa ƙugiya sai da shi. A wayata na sayi na kwana ɗaya. Kuɗin da ake tarawa yana komawa wajen kula da koguna da gidajen ƙyanƙyasar kifi.

A gadar M-37 muka saka kwale-kwalen a ruwa. Kogin bai da faɗi, yaro mai ƙarfin hannu zai iya jefa dutse ya tsallaka shi. In kina tuna Kogin Wudil da damina, ja kuma shimfiɗe, ki ajiye wannan hoton. Wannan ruwan garau yake, da ɗan launin shayi maras madara, kina hango tsakuwa a ƙasa. Yana ta lanƙwasa kamar maciji, kowace kwana da gungumen bishiyar da ta faɗa. Sunan kogin na wani limamin Kirista ne ɗan Faransa, Jacques Marquette, wanda ya rasu a gaɓar Tafkin Mishigan a 1675, amma tun kafin zuwansa mutanen Odawa da Ojibwe suke su a waɗannan ruwaye. Babu madatsar ruwa a kan babban reshensa, kifi yana iya tasowa daga tafki a garin Ludington ya yi ta hawa. A 1978 gwamnatin tarayya ta sa shi cikin kogunan da doka ta kare.

Daga gadar zuwa wata mafita da ake kira Gleason's Landing, kusan kilomita 13, dokar ta fi tsanani. Ba a sa tana ko wani abinci na gaske a ƙugiya, sai ƙwaron ƙarya da aka ɗaura da zare da gashin tsuntsu. Kuma duk kifin da aka kama sai an mayar da shi.

Wane ne wannan kifi?

Sunansa sitilhed, ma'ana mai kan ƙarfe, saboda launin saman kansa. Ɗan'uwan kifin salmon ne. Wanda ya saba shiga hannu yakan kai kilo uku zuwa biyar, tsawonsa kamar daga kafaɗarki zuwa yatsunki. In sabon shigowa ne daga tafki, fari ne ƙal kamar sabuwar tasar silba. In ya yi makonni a kogi sai bayansa ya yi duhu, wani jan layi ya fito masa daga kumatu zuwa wutsiya, kamar an ja masa lalle.

Abin da ya fara jan hankalina shi ne da dattijon ya ce shi ma baƙo ne a nan. Asalinsa kogunan da ke zuba a Tekun Fasifik ne, daga Kalifoniya zuwa Alaska, har yankin Kamchatka na Rasha. A 1876 aka fara zuba shi a Kogin Au Sable na Mishigan, daga ƙwan da aka kawo daga Kalifoniya, daga baya aka zuba a wasu koguna. A garinsu yana sauka teku ne mai gishiri ya girma. A nan babu teku, sai ya mayar da Tafkin Mishigan tekunsa, ruwan daɗi mai faɗin da ya kusa ninka Jihar Kano sau uku.

Rayuwarsa haka take. A cikin tsakuwar kogi ake ƙyanƙyashe shi. Ya yi shekara ɗaya ko biyu, wani lokaci uku, yana cin ƙwari a wannan kogin. Da ya kai tsawon tafin hannu da 'yan kai, sai launinsa ya juya fari, ya gangara tafki. Ya yi shekara biyu ko uku yana cin ƙananan kifaye yana ƙiba, yana yawon ɗaruruwan kilomita. Sannan ya dawo haihuwa. Wasu tun Oktoba da Nuwamba suke shigowa su yi sanyin a kogi, wasu sai Maris da Afrilu. Kuma yawancinsu kogin da suka taso suke komawa, ba na maƙwabta ba.

Awa uku ba ko motsi

Yadda ake kamun ba irin namu ba ne. Babu taru, babu koma da gora irin na Argungu, babu ganga. Sanda ce doguwa mai laushi, da wani abu kamar ƙwarƙwaron keken ɗinki da aka naɗe zare a kai. A bakin zaren an ɗaura ƙugiya biyu ƙanana: ɗaya da ɗan ƙullin ulu mai kalar lemo wanda ya yi kama da ƙwan kifi, ɗaya baƙa mai kama da ƙwaron da ke rayuwa ƙarƙashin duwatsu. A sama akwai ɗan ƙwallon roba da ke yawo a kan ruwa. Za ki jefa ta sama da ke, ki bar ruwa ya tafi da shi, idonki a kan ƙwallon. In ya nutse ki ɗaga sanda.

Dattijon ya tsoma ma'aunin zafi a ruwa ya nuna min: digiri 4. Ya ce a irin wannan sanyin kifin ba ya bin abinci da gudu, yana lafewa ne a ƙasan wuri mai zurfi inda ruwa ke tafiya a hankali, sai kin kai masa ƙugiyar daidai bakinsa. Da rana ta ɗaga ruwan ya ƙara ko da digiri ɗaya ne, sai su fara motsi.

Na jefa ya fi sau ɗari. Na kama reshe sau huɗu, na kama hular dattijon sau ɗaya. Ruwan da ke bin zaren yana daskarewa a ramukan sandar, sai an fasa da yatsa. Amma ki san wani abu? Ɗan nan da ba ya minti biyar bai nemi waya ba, ya yi awa uku idonsa a kan ɗan ƙwallo, sai tambaya yake jerowa. Ni kuma rabon da in zauna shiru ba ƙarar na'urar asibiti, ba tunanin girki, har na manta.

A wata kwana dattijon ya tsayar da kwale-kwale ya ce mu leƙa. A wuri maras zurfi akwai wani fili kamar faɗin tabarmar salla inda tsakuwa ta yi haske fiye da sauran. Wata babbar mace tana bisa kai. Sai ta kwanta a gefe guda ta bugi ƙasa da wutsiya, tsakuwa ta tashi, ruwa ya kwashe yashin. Rami take haƙa. A ciki za ta zuba ƙwai dubbai, namiji ya zuba nasa, sannan ta matsa gaba kaɗan ta sake haƙa, tsakuwar da ta tashi ta rufe na baya. Ƙwan zai yi makonni a nan, ruwa mai tsabta yana ratsa shi. Shi ya sa masunta na ƙwarai ba sa taka wurin da ya yi haske. Dattijon ya ce shi ba ya ma jefa wa mace ƙugiya in tana kan aikinta.

Uwar ɗakina ta taɓa ni ta ce, "Kin ga, salmon da ke shigowa nan a watan Satumba yana gama haihuwa yake mutuwa. Wannan kuwa ba dole ba ne. In ta gama za ta gangara tafki a rame, ta ci ta murmure, wata shekarar ta iya dawowa." Ta kalle ni ta ƙara da cewa, "Ke yaushe rabonki da hutu?" Ban ba ta amsa ba.

Faɗuwar da na yi

Wajen azahar muka tsaya a wani tsibirin tsakuwa don cin abinci da salla. Ina sauko da ƙafa daga kwale-kwalen na taka dutse mai santsi. Ruwan bai wuce cinya ba, amma da baya na tafi, na zauna a ciki har wuya.

Na sha karanta abin da ruwan sanyi ke yi wa jiki, na amsa shi a jarrabawa. Gani ya kori ji. Numfashina ya fizge da kansa, na ja iska da ƙarfi ba da nufina ba, na shiga haki na kasa tsayawa. Wannan jan iskar na farko shi ke kashe mutane da yawa tun kafin sanyin ya taɓa cikin jikinsu, domin in kai yana ƙarƙashin ruwa, ruwa za a shaƙa. Abin da ake koyarwa shi ne: minti na farko na daidaita numfashi ne, sai kamar minti goma da hannu da ƙafa za su yi miki aiki kafin su sage, sannan kimanin awa guda kafin a fita hayyaci, in akwai abin da ya riƙe kai a sama. Ruwa yana zuƙe ɗumin jiki kusan sau 25 fiye da iska mai sanyi iri ɗaya.

Dattijon ya riƙe min kafaɗa yana cewa in numfasa a hankali, kada in yi kokawa. Bel ɗin nan da na yi ƙorafi a kai shi ya hana ruwa cika wandon. Suka ɗaga ni. Uwar ɗakina ta kore maza gefe, ta kare ni da bargo, ta cire min jiƙaƙƙun kaya domin yatsuna sun kasa jan zif. Ashe ta zo da busassun kaya a jakar da ruwa ba ya shiga. Ta ba ni shayi mai sukari daga filas. Jikina yana ta karkarwa, wanda alama ce mai kyau. Abin tsoro shi ne mutum ya daina karkarwa alhali bai ɗumama ba, ya fara magana a hargitse ko jin barci.

Wannan ya shafe ki ko ba ki taɓa ganin ƙanƙara ba. Jariri da ƙaramin yaro sun fi babba saurin rasa ɗumi. Da hunturu, kada a yi wa jariri wanka a tsakar gida da sassafe, a goge shi nan take, a rufe kai. In yaro ya jiƙe yana rawar sanyi, a cire jiƙaƙƙun kaya, a lulluɓe shi, a manna shi a ƙirjinki fata da fata. Kada a murza masa hannu da ƙafa da ƙarfi, kada a kai shi dab da garwashi, kuma kada a rufe ɗaki da gawayi yana ci.

Sai da na natsu, kofin shayi a hannuna, na tuna abin da kunnena ya ji lokacin da nake cikin ruwa. Ɗana yana tsaye a kan tsakuwa yana ihu: "Wayyo Mama! Sannu! Sannu, Mama!" Da Hausa. Ba wanda ya ce ya yi.

Kifin ya zo

Da ruwan filas na yi alwala, na yi salla a kan bargo. Wajen ƙarfe uku, a wani wuri mai zurfi ƙarƙashin gungume, ƙwallon ɗana ya nutse. Sandar ta lanƙwashe, ƙwarƙwaron ya ɗauki ƙara, wani abu fari ya yi tsalle sama da ruwa ya faɗa da ƙarfi. Dattijon ya dafa hannunsa yana cewa ya bar shi ya gudu, in ya tsaya ya naɗe. Sun yi kusan minti goma kafin kifin ya shiga 'yar komar hannu.

Mace ce, sabuwar shigowa, fara ƙal. Dattijon ya sa muka jiƙa hannu kafin mu taɓa ta, don busasshen hannu yana goge yauƙin da ke kare fatarta daga cuta. An riga an danne ƙayar ƙugiyar, sai ta zare cikin sauƙi. Ya nuna mana wani ɗan fiffike mai taushi kusa da wutsiya, ya ce yawancin waɗanda aka ƙyanƙyashe a gidan gwamnati ana yanke musu shi don shaida. Nata yana nan, alamar haihuwar kogi ce. Muka ɗaga ta daƙiƙa kaɗan aka ɗauki hoto, ɗana ya riƙe ta a cikin ruwa, kanta yana fuskantar inda ruwan ke tahowa, har ta murmure ta fizge ta tafi.

Sai ya tambayi dattijon, "Yaya aka yi ta gane hanya?" Dattijon ya taɓa hancinsa.

Maganar hanci

Da na dawo gida na bi diddigin maganar. Wani masani a Jami'ar Wisconsin mai suna Arthur Hasler ya ba da labarin cewa wata rana yana hawan dutse a Jihar Utah, inda ya taso, iska ta kaɗo masa ƙamshin gansakuka da furanni daga wajen wani ruwa mai zubowa, sai yarintarsa ta dawo masa gaba ɗaya. Ya tambayi kansa ko haka kifi yake gane gida. A shekarun 1950, shi da ɗalibinsa suka kama salmon da suka riga suka zaɓi reshen koginsu, suka toshe wa wasu hanci da auduga, suka mayar da su ƙasa da mararrabar. Masu buɗaɗɗen hanci suka koma inda aka ɗauko su, masu toshewa da yawa suka ɓata. A shekarun 1970 kuma, a Tafkin Mishigan ɗin nan, suka ɗiga wani sinadari a ruwan da ake renon ƙananan kifaye, suka sake su. Da lokacin dawowa ya yi suka ɗiga sinadarin a wani rafi da kifayen ba su taɓa shiga ba, kuma can mafi yawansu suka nufa.

Kowane kogi da ƙamshinsa, na ƙasarsa da duwatsunsa da tsirransa. Kifin yana haddace shi ne yana ƙarami, musamman a ɗan lokacin da yake shirin sauka tafki. Ni da nake ganin jariri ɗan kwanaki yana juya kai wajen ƙamshin nonon uwarsa, wannan bai ba ni mamaki ba.

Abin da ya tsaya min shi ne wannan. Kifin da ɗana ya kama ba Kalifoniya take nema ba, ko da yake can ne asalin kakanninta. Ruwan da ta sha tana ƙarama take nema. Yaron nan bai yi ƙarya ba ranar Sallah. Nan ya koyi karatu, nan ya cire haƙori, nan abokansa suke. Ni na kawo shi, sannan nake jin haushin ya saba. Amma "sannu" ɗin nan da ta fito masa cikin firgici ta nuna min akwai wani ruwan a jikinsa, wanda ya sha a bayana da bakin Hajiya, kuma bai ƙafe ba. Sai da na bincika kaina na ga ni ce na rage zuba shi. In na dawo aiki a gajiye, Turanci nake masa don ya fi sauri. Faɗa kawai nake yi da Hausa. To yaron da bai san harshe ba sai a bakin faɗa, don me zai so shi?

Mutum ba kifi ba ne, na sani, kuma shiriya ta Allah ce. A cikin kifayen ma akwai kaɗan da ke kauce hanya su shiga wani kogin, kuma ta haka ne irinsu yake yaɗuwa a sababbin ruwaye. Wataƙila mu da muka bar gida irinsu ne. Amma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma shekara tara ba ta yi latti ba.

A mota, kafin mu bar Baldwin, ya ce in tura wa Hajiya hoton. Washegari ta kira. Ta ce, "Maigida, ashe ka iya cefane! Soya shi kuka yi ko farfesu?" Na fassara masa rabi, rabin ya gane da kansa. Ya tambaye ni yadda ake faɗa, sannan ya ce mata, "Mun sake shi, Hajiya."

Ta yi salati. Ta ce, "Kun yini cikin ƙanƙara, uwarka ta faɗa ruwa, kun kama wannan ƙaton, kuka sake shi? To ka zo Wudil in kai ka bakin gada ka ga yadda masu hankali suke yi da kifi." Ya yi dariya tun kafin in fassara.

Yanzu mun yi doka: daga an zuba abincin dare har a kwanta, Hausa zalla, da ni da babansu da su, kuma ba faɗa a ciki. Duk Lahadi shi yake kiran Hajiya da kansa. Mun fara tara kuɗin jirgi don dogon hutu, na kuma rubuta takardar neman hutuna, wanda na shekara biyu ina ɗagawa.

In Allah Ya kawo ki Mishigan a Maris ko Afrilu, ba sai kin shiga kwale-kwale ba. A tsakiyar Grand Rapids, kusa da madatsar ruwa ta titi na shida, akwai matakalar kifi da aka gina a shekarun 1970, inda za ki tsaya da yara kyauta ku ga kifin yana tsalle daga mataki zuwa mataki. Ki dai riƙe hannun ƙaramin, ki kuma bar atamfa a gida.

Ke kuma da kike Legas, ko Kumasi, ko Jidda, ko ma Kano inda yara suka fara amsa miki da Turancin makaranta, yaya kike yi da naki? Ki rubuta mana a ƙasa, ina karantawa in na tashi aiki. Allah Ya raya mana su, Ya sa su san gida.